"Ai fanka ce kawai", in ji mai kawo gyara

Da hunturu ya kama, shagona cika yake da kwamfutocin tebur masu gurnani kamar injin markaɗe. Ƙura ce ta shiga fankar akwatin wuta, wanda muke kira fawa, ta shanye man da ke cikinta. Mai kaya zai ajiye, in faɗi kuɗin aiki, ya ce: "Haba Malam, ai fanka ce kawai, noti huɗu!"

Noti huɗu ne, gaskiya. Amma a bayansu akwai kafasita, ɗaya babba ko biyu, mai riƙe wuta sama da bolt 300 ko bayan an zare soket. Ina yaron shago na san haka, kuma ba da baki aka gaya mini ba. Maigidana ya fita sallar azahar, ni kuwa ga rawar kai, na buɗe wata fawa na kai hannu. Sai da na ji abin har kafaɗa, sukudireba ta yi tsalle ta faɗa bayan kanta. Da ya dawo bai yi faɗa ba. Ya ɗauko kwan fitila mai wayoyi biyu, ya taɓa ƙafafun kafasitar wata fawar, kwan ya haska ya mutu. Ya ce: "Ka ga abin da ya shige ka." Har yau haka nake sauke wutar, sannan in ɗora mita in tabbatar kafin yatsana ya matsa kusa. Yarana ma ba mai buɗe fawa in ba na wurin.

Zaɓen fankar shi ne inda gwaninta take. Girma sai ya zo daidai, milimita 80 a tsofaffin fawa, 120 ko 140 a na yanzu, kauri yawanci 25. Ina karanta takardar bayan tsohuwar, bolt 12 (12V) da amfiya nawa take ja, in nemo mai kama da ita. Sai kuma abin da masu gyaran bakin titi ba sa dubawa: fawa da yawa ba sa ba fanka cikakken 12V sai sun ɗau zafi, don haka fankar da ba ta tashi da ƙaramar wuta za ta zauna shiru, kaya na dahuwa. Ina gwada kowace da 5V tukuna. Iska tana fita ta ɓangaren da takardar take. Ka juya ta, ka hana zafi fita. Wayoyi kuwa, ja da ja, baƙi da baƙi, in haɗa da dalma in rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Salatif ba ya shiga aikina, zafin Kano saki yake sa shi.

Masu kawo mana kaya kuwa, Allah ya shirye su. Kwalin fanka guda na taɓa saya, an ce masu boris ne, ashe tsofaffi ne aka wanke aka manna musu sabuwar takarda. Tun daga nan kowace sai na juya ta da yatsa, in kara a kunne.

Idan na gama, ina haɗa koriyar waya da baƙa a babban filogi mai baki 24, fawar ta tashi ita kaɗai, in auna bolt 12, 5 da 3.3 da take fitarwa. Fawar da kafasitocinta suka kumbura kuwa ba na sa mata fanka ko nawa za a biya, sai dai mai ita ya sayi wata.