Faɗuwa biyu ta Davy Crockett, da tawa guda ɗaya

Ƙannena, musamman ku da ke cikin kaki yau kuna lissafin ranar da za ku tuɓe ku shiga siyasa, bari in ba ku labarin wani Ba'amurke da na daɗe ina fakewa da shi.

An haifi Davy Crockett a 1786 a gabashin Tenesi, lokacin da yankin yake bakin daji, iyakar inda Turawa suka kai da zama. Maharbi ne, karatunsa bai taka kara ya karya ba. A 1813 ya shiga yaƙin da Janar Andrew Jackson ya jagoranta a kan ƙabilar Creek, aikinsa leƙen hanya da harbo wa dakaru nama. Da ya dawo, iya baki da barkwanci suka kai shi majalisar jiha a 1821, sannan majalisar wakilai ta tarayya a 1827. Aike ɗaya talakawansa suka yi masa: sun sare daji sun yi gonaki ba takarda, suna so a mallaka musu filayen da araha.

A 1830, Jackson yana shugaban ƙasa, aka kawo dokar tashin ƙabilun asali daga ƙasarsu a kora su yamma da kogin Misisipi. Duk wakilan Tenesi Crockett ne kaɗai ya ce a'a ga tsohon kwamandansa. Shugaban ƙabilar Cherokee, ɗaya daga cikin waɗanda za a kora, John Ross, har wasiƙar godiya ya rubuto masa. Da aka zo zaɓen 1831, ya sha ƙasa.

Wannan ɓangaren na haddace. Bayan na yi ritaya na ci kansila a garinmu na bakin iyaka, da na nemi komawa aka kayar da ni. Shekaru na yi ina gaya wa duk wanda ya zauna kusa da ni a majalisar mai shayi cewa gaskiya ce ta kayar da ni, kamar Crockett. Sauran labarin nake tsallakewa, don a can hotona yake.

Crockett ya koma majalisa a 1833. Abokan hamayyar Jackson, 'yan jam'iyyar Whig, suka ga sun sami ɗan daji mai farin jini da za su riƙa nunawa. A 1834, majalisa na tsaka da zama, suka ɗauke shi yawon manyan biranen gabas, Filadelfiya da New York da Boston, ana liyafa ana tafi, har bindiga aka ba shi kyauta. Dokar filayen kuwa ba ta wuce ba har ya bar majalisa. A 1835 Adam Huntsman, lauya mai ƙafar katako, ya kayar da shi da 'yan ɗaruruwan ƙuri'u.

Haka na yi, ba ragi. Manyan babban birnin jiha suka gano tsohon soja mai iya magana. Yau gidan rediyo, gobe falon wani Alhaji, ana "Ranka ya daɗe, Soja!" ni kuma kaina na ƙara girma. Rijiyar burtsatsen unguwarmu ta lalace wata da watanni. Ranar da na koma kamfe, wata tsohuwa da ta yi goyona tana zaune kan jarkarta a layin ruwan wata unguwa. Ko tashi ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗan nan, muna jin muryarka a rediyo, daɗi gare ta. Sai dai rediyon ba ya zubo ruwa." Na yi dariya, na miƙa mata kuɗin goro, ta mayar mini da su cikin aljihu da hannunta.

A bariki umarni daga sama yake saukowa, ido kuma ya saba kallon sama. Shi ya sa tsohon soja ke saurin rusuna wa manya ya manta da wanda ya dangwala masa. Idan kun ci zaɓe, ku rubuta aiken da aka yi muku a takarda, ku duba ta kafin ku amsa kowace gayyata ta birni. In kun faɗi, ku bar wata uku ya wuce kafin ku yanke shawarar komai.

Crockett bai jira ba. Ya ce wa mutanensa su tafi wuta, shi ya nufi Teksas, ya shiga cikin masu yi wa gwamnatin Meksiko tawaye a can. Ranar 6 ga Maris 1836 sojojin Meksiko ƙarƙashin Janar Santa Anna suka afka wa sansanin Alamo bayan kwana 13 na ƙawanya, ya mutu a can yana da shekara 49. Ni fushina bai kai ni kabari ba, gonar gado ya ci. Na sayar da ita cikin mako biyu na bar garin, wai in nuna musu.

Da na dawo bayan shekara huɗu, na tarar yaron da ya kayar da ni ya gyara burtsatsen tun watansa na farko. Ashe fanfon ne kawai ya mutu. A nan yarana ke ɗebo mana ruwa yanzu.