Keken da na yi wa fenti sau uku

Ƙannena, duk wanda ya ga hoton keke yana ƙyalli a waya ya ce gobe shi ma zai sayo fentin gwangwani ya fesa wa nasa, to ya tsaya ya ji yadda ta kaya da ni tukuna.

Keken Phoenix ne baƙi, irin mai birkin ƙarfe ɗin nan da iyayenmu ke zuwa gona da kasuwa da shi. Kawuna ne ya bar mini. Tsatsa ta ci jikinsa nan da can, amma ƙarfen lafiyarsa ƙalau. Na ƙudura sai na mayar da shi kore shar kafin ƙaramar Sallah, alhali saura kwana uku.

Ban kwance komai ba. Na jingine shi da bango, na rufa wa tayoyi da sirdi leda, na goge jikinsa da tsumma da kananzir wai in cire datti, na hau feshi. Kananzir mai ne, fenti kuwa ba ya zama a kan maiƙo, sai ya riƙa gudu yana barin ƙananan ramuka kamar zanen ƙyanda. Da na ga ramukan sai na matso da gwangwanin na ƙara dannawa don in cike su, fentin ya taru ya fara zubo da hawaye. Sarƙa ta sha kore, robar birki ta sha kore. Ranar Sallah a ƙasa na tafi Idi. Bayan mako ɗaya da farce nake ɓare fentin kamar ɓawon gyaɗa, don ban kankare tsohon ba, sabon bai sami abin kamawa ba.

Saboda haka ku kwance komai sai firam zalla da ƙarfen da ke riƙe tayar gaba. Kafin ku taɓa sifana, ku ɗauki hoton kowane sashe da waya, musamman sandunan birki, don ranar haɗawa za ku rantse an ƙaro wasu. Boris ɗin, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan da ke sa taya da wuya su juya, ku zuba a gwangwanin madara ku rufe, in ɗaya ya faɗa cikin yashi ya tafi kenan. Ga kuma abin da ya ci mini rabin yini: fedar hagu a baibai ake kwance ta. Ni ina ta ɗaure ta iya ƙarfina, ina zagin tsatsa. Abin da ya gagare ku, ku kai wa mai gyaran keke na bakin titi, cikin minti kaɗan zai fitar muku.

A karo na biyu na yi hankali da shiri. Na sayo samfefa a Sabon Gari, na bi wuraren tsatsa da mai lamba 220 har farin ƙarfe ya fito, sannan na bi jikin duka da mai lamba 400. Ba dole ne a cire tsohon fenti kaf ba. Inda yake da ƙarfi, ya isa a kashe masa sheƙi ya dishe. Na wanke da ruwa da sabulun wanke-wanke, na shanya ya bushe sarai, na daina taɓa shi da hannu. Na fesa firaima, wato fentin ƙasa da ke kama ƙarfe ya hana tsatsa dawowa. Har nan babu laifi.

Sai dai lokacin hunturu ne, ni kuma a tsakar gida na yi aikin da yamma, iska na kaɗawa. Ƙurar da ido ba ya gani duk ta sauka a kan ɗanyen koren da na fesa bayan firaimar. Da ya bushe na shafa, sai na ji kamar na shafa samfefar da na yi aiki da ita. Na ce ba komai, gobe in na fesa na sheƙi, wanda masu fentin mota ke kira kiliya, zai rufe. Na koma shago, irin nawa ya ƙare, na karɓi na wani kamfani. Ina fesawa, ina kallo da idona, koren ya fara tattarewa yana yamutsewa kamar bayan kada. Sinadarin da ke cikin na saman ya fi ƙarfin na ƙasan, wanda bai gama ƙanƙamewa ba, sai ya narkar da shi. Da na karanta ƙananan rubutun da ke bayan gwangwanin farko, ashe an faɗa: ko a ƙara wani feshin cikin awa ɗaya, ko a jira sai bayan awa 48. Ni na zaɓi tsakiya, lokacin da ya fi kowane muni. Kowane fenti da nasa ƙa'idar, don haka ku karanta, kuma ku sayi firaima da launi da kiliya na kamfani ɗaya, rana ɗaya. In kuna shakka, ku gwada a kan tsohon gwangwani kafin ku kusanci keken.

Kankare wannan yamutsattsen fentin ya fi duk aikin baya wahala. Ba na so in tuna.

Karo na uku a zaure na yi, da hantsi, iska a kwance. Na yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta lafa, na zura waya ta ramin wuyan firam na rataye shi a azara yadda zan iya zagaya shi. Na naɗe jarida na cusa a ramin sirdi da ramin feda, don in fenti ya shiga nan kayan ba za su koma ba sai da duka. Lambar da aka buga a jikin ƙarfen ma na kula kada fenti ya cike ta, ita ce shaidarka ranar da aka sace keken. Na girgiza gwangwanin minti 2 cur, na riƙe shi nesa da ƙarfen kamar santimita 25, na fara da lunguna da mahaɗai, sannan dogayen bututun. Hannu ya fara tafiya kafin yatsa ya danna, ya wuce ƙarshen bututu kafin ya saki. Feshin farko zai fito shara-shara, ana hango firaima ta ƙasa, zuciya za ta ce ƙara. Kada ku ƙara. Ku ba shi minti 10 zuwa 15 ku sake, sau uku ko huɗu. Gwangwani ɗaya na firaima, biyu na launi, ɗaya na kiliya, masu cin mililita 400, sun ishe ni.

Ƙofar zauren a buɗe take, duk da haka na kwana da ciwon kai, don hankici kawai na ɗaura a hanci. Hankici ba ya tare tururin fenti. Ku nemi takunkumin masu fenti mai matata, ku kuma nisanci murhu da tukunyar gas, tururin nan wuta yake kamawa.

Gaskiya fentin gwangwani ba zai kai ƙarfin na masana'anta ba, wanda ake gasawa da zafi. Kuɗin gwangwanayen da na ɓata ma sun haura abin da mai fentin mota zai karɓa. Amma ranar da na ga firam ɗin a rataye, kore shar, santsi kamar tangaran, ban yi da-na-sani ba.

Ya bushe a hannu tun ranar, amma cikinsa yana nan da laushi. Na yi niyyar ba shi mako biyu. A kwana na biyar haƙurina ya ƙare, na ce bari dai in ɗaura sirdi in ga yadda zai fito. Ina matsa notin, sifana ta goce ta kwashe fentin har ƙarfe. Tabon yana nan ƙarƙashin sirdi, faɗin ƙwayar wake, na liƙa masa sitika.