Talata a Aboabo: ƙwayar Kaka da ganyen tazargade

Da asuba Kaka ta tashi jiki kamar garwashi. Na kai ta ƙaramin asibitin unguwa, aka soki yatsa, gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro. Suka ba ta ƙwayar atemita da lumefantirin ta kwana uku. Na dama mata koko da madara, don lumefantirin ba ya shiga jini sosai sai da ɗan maiƙo a ciki. Ta juya kwalin a hannu, ta ce, "Ke 'yar nan, mu da tazargade muka tashi. Da me wannan ya fi shi?" Na ce, "Kaka, sha dai, in na dawo zan ba ki amsa."

Na hau trotro, motar haya, zuwa KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, da tambayar a raina, domin gaskiya asalin ƙwayar ganye ne ɗan'uwan tazargade. A 1972 Tu Youyou da abokan aikinta a ƙasar Sin suka fitar da sinadarin atemisinin daga cikinsa, bayan ta gane cewa tafasawa na lalata shi, ta koma tatsarsa da wani sinadari mai suna "ether" a ƙaramin zafi. A 2015 ta samu kyautar Nobel. Amma atemisinin yana da gardama, ba ya narkewa da kyau a ruwa, haka ma a mai. Sai masana suka taɓa wuri ɗaya tak a jikinsa, aka samu atesunet da ake narkarwa a yi allura, da atemita mai narkewa a mai. Gadar oksijin biyu da ke tsakiyarsa kuwa ba su taɓa ta ba, ita ce ke haɗuwa da ƙarfen jinin da ƙwayar cutar ta ci, ta hallaka ta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ake samar da shi da yawa. Farashinsa kan hau ya sauka da girbin manoma, har aka koya wa yis, irin na burodi, yin sinadarin da ke gab da shi. A 2013 kamfanin Sanofi ya fara ƙarasa aikin a Garessio ta Italiya da haske da oksijin. Shekara ɗaya kafin nan wani masani, Peter Seeberger, a Jamus ya nuna ana iya yi a cikin siririn bututu da aka naɗe a jikin fitila, ruwan magani na gudana ba tsayawa.

Da rana muka haɗa farasitamol a ɗakin gwaji. Nawa ya fito da ɗan launin ƙasa. Na narkar da shi a ruwan zafi, na zuba garin gawayi, na tace, na sa a ƙanƙara. Farasitamol ɗin ya fara tsirowa kamar ƙananan allurai farare a gindin kwalba, sai dai kusan rabi ya bi ruwa. A ɗan cokali ke nan, ina ga mai yin tan-tan? Yawancin garin maganin da masana'antunmu ke matsewa ya zama ƙwaya daga Indiya da Sin yake zuwa, kuma abin yana ci mini rai. Wannan aikin nake so in iya.

Bayan magariba na tarar Kaka ta yi zufa, tana zaune a tabarma tana jan carbi. Na ce mata ganyen yau ƙarfinsa daban da na gobe, ƙwayar kuwa an auna ta. Ta ce, "To, kwashe sauran ki aje mini kusa, kada in manta na asuba."