Kakar Ƙanena ta Biyu a Ƙaramin Rukuni

Ƙanena yana da shekara 19, kuma wannan ce kakarsa ta biyu a wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa da ke buga gasar ƙaramin rukuni, inda yake wasa a tsakiya. A wasansu na makon jiya na zauna dab da layi, har ina jin hakin 'yan wasa. Ana saura minti goma a tashi, wani ƙaton mai tsaron baya da ya girme shi da kusan shekara goma ya bangaje shi har ƙasa, amma sai ya miƙe, ya kakkaɓe ƙura, ya koma gurbinsa ba tare da ya ko dubi alƙalin wasa ba. A bara da an yi masa haka, da ya tsaya yana ɗaga hannu yana ƙorafi har ƙwallo ta wuce shi.

Bayan an tashi, yana kwance igiyar takalminsa da ya fara buɗe baki ta gefe, ya ce da ni a hankali: "Yaya, akwai wani mutum da ya ce zai kai ni gwaji Turai, amma sai mun biya kuɗin biza da na jirgi." Na fahimci abin da ke cin ransa, domin alawus ɗinsu kan yi jinkiri, filin atisayensu duk rami ne, kuma idan ɗan wasa ya ji rauni yawanci danginsa ne ke ɗaukar nauyin jinya. Duk da haka ban goyi bayan tafiyar ba, kuma na faɗa masa dalilaina.

Ƙungiyar da ke son ganin ɗan wasa da gaske takan aiko da takardar gayyata da sunanta, wadda za a iya tuntuɓar ofishinta a tabbatar, kuma dillalin da ke da lasisin FIFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, ba ya ɓoye lasisinsa idan an nema. Mutumin nan bai nuna ko ɗaya ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci a wurina kuwa shi ne cewa a yanzu ƙanena yana buga minti casa'in kusan kowane mako, yana karawa da manyan maza waɗanda ba sa raga wa kowa, kuma babu atisayen da ke koya wa matashi abin da irin wannan wasa ke koya masa.

Na tuna masa da N'Golo Kanté, wanda ya buga wa Boulogne cikakkiyar kaka a rukuni na uku na Faransa kafin Caen ta ɗauke shi a 2013, Leicester ta saye shi a 2015, ya kuma ɗaga kofin duniya a 2018. Labarin Jamie Vardy ya fi wannan ɗaci a farkonsa, domin Sheffield Wednesday ta sallame shi yana ɗan shekara 16, ya koma Stocksbridge Park Steels yana karɓar fam 30 a mako, yana kuma aiki a masana'anta, kuma sai da ya kai shekara 25 sannan Leicester ta saye shi daga Fleetwood Town a kan fam miliyan ɗaya a 2012. Ban ɓoye masa ba cewa irin waɗannan mutane ƙalilan ne, kuma akasarin abokan wasansu na wancan lokaci sun rataye takalma ba tare da duniya ta san sunansu ba. Abin da nake so ya lura da shi kawai shi ne, dukansu biyu a cikin fili aka gan su, suna wasa mako bayan mako.

Akwai kuma batun takardu, wanda matasa kan yi wa riƙon sakainar kashi. A ƙa'idar FIFA, duk ɗan wasan da aka yi wa rajista yana da kundin da ke nuna ƙungiyoyin da ya yi wa wasa tun yana shekara 12, kuma idan aka sayar da shi zuwa wata ƙasa yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin domin ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. Wannan kundi ne shaidarsa a gaban duk mai son ɗaukarsa gobe, wanda kuwa ya sulale ya bi dillali ba tare da sallama ba yakan dawo ya tarar ba shi ga tsuntsu, ba shi ga tarko.

Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ko zan raka shi wurin sakataren ƙungiya mu ga kwafin rajistarsa da kwantiraginsa, waɗanda ya sa wa hannu bara bai karanta ba. Mun je ranar Litinin, mun tarar saura wata bakwai kwantiragin ya ƙare. Ranar Asabar suna da wasa a waje, kuma mai horarwa ya riga ya shaida masa cewa da shi za a fara.