Karta 49 da suka rage a kan darduma

Ɗan yayata ne ya mayar da ni ga lissafin da na ajiye tun ina makaranta. A nan Jidda aka haife shi, shekararsa 22, yana gyaran waya a wani shago. Wani dare bayan isha'i uwarsa ta kira ni tana kuka, riyal 600 na kuɗin haya sun tafi. Ashe a wata manhajar caca ya zuba su, wasan 21 da ake kira bilakjak.

Na karanta masa aya ta 90 a suratul Ma'ida, na tuna masa cewa caca laifi ce a ƙasar nan. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, na sani. Amma wallahi na gane wasan, saura ƙiris in dawo da kuɗin." Maganar nan ta hana ni barci. Haramcin ya san shi, abin da ke riƙe da shi shi ne ganin ya iya.

Washegari na sayo karta mai 52, muka baje a darduma. Ikka, wato karta mai alamar A, huɗu ce a ciki. Na ce ya zaro ɗaya, na tambaye shi yiwuwar a samu ikka biyu a jere. Ni na fara kuskure: na ninka 4/52 da 4/52, na ce sau 1 cikin 169. Ya ɗaga hannu ya ce, "Kawu, ai ɗaya tana hannuna." Gaskiyarsa. Ikka 3 suka rage cikin karta 51, amsar kuwa sau 1 cikin 221. Na ji daɗin gyaran nan ƙwarai, don shi ne ginshiƙin maganar duka: kartar da ta fita tana canja lissafin wadda ke tafe.

'Yan balot, wasan karta na mutum huɗu da ake yi bibbiyu, sun san haka ko da ba su taɓa rubuta shi ba. Karta 32, kowa 8. In ikkar sabit (sabit ɗaya ne daga nau'o'in karta huɗu, mai alamar ♠) ba ta hannunka kuma ba ka ga inda ta shiga ba, yiwuwar tana wajen abokin wasanka 8 ce cikin 24, wato sulusi. Da zarar ɗaya daga abokan hamayya ya nuna ba shi da sabit, ta koma kusan rabi.

Sai muka shiga wasansa. Samun 21 da karta biyun farko yana buƙatar ikka, wadda ake ƙirgawa 11, da mai darajar goma, masu goma kuwa 16 ne: goma, walad (J), bint (Q) da shayib (K), kowacce huɗu. Ko wacce tana iya fara zuwa, don haka ana ninka 4/52 da 16/51 a ruɓanya, a samu 128 cikin 2,652. Kusan sau 1 cikin 21 ke nan. Shi a zatonsa duk rabo goma sai ta zo.

Inda muka daɗe shi ne inshora. In mai rabo ya buɗe ikka, sai a yi maka tayin ka sa kuɗi a kan cewa rufaffiyar kartarsa mai goma ce, in ka ci a biya ka ninki biyu. Yaron nan kullum sai ya karɓa, musamman in yana da 20, wai yana kare hannunsa. Na cire ikkar mai rabo da karta biyu ƙanana na ɗan wasa, saura 49, masu goma 16. Na ce mu sa riyal 10 a kan kowacce. Ci 16 ya ba da 320, faɗuwa 33 ta cinye 330. Sannan na sa masa shayib biyu a hannu. Masu goma suka koma 14: ci 280, faɗuwa 350. Lokacin da ya fi amincewa da inshorar, a nan ta fi cutarsa, don shi da kansa yake riƙe da biyu daga kartar da yake fata.

Ya ce to ai akwai masu ƙirga karta. Akwai. Edward Thorp, malamin lissafi a Amurka, ya nuna hanyar a 1962, gidajen caca kuma suka koma haɗa ƙunshi 6 ko 8 da yawaita gaurayawa. Muka buɗe ƙa'idojin manhajarsa, muka tarar bayan kowane rabo ana gaurayawa daga farko. Babu abin ƙirgawa, kuma faɗuwar jiya ba ta kusantar da cin yau ko da taku ɗaya.

Ya ɗauki biro ya sake lissafin 49 ɗin shi kaɗai, sau biyu. Na bar shi ban ce uffan ba. Da ya gama ya miƙo mini wayar ya ce, "Kawu, goge ta da hannunka." Yanzu riyal 100 yake kai wa uwarsa duk ƙarshen wata, saura wata biyu ya gama.