Yadda na sa jak ɗin dish yake buɗe wa albasata iska a Marwa

Albasa a Marwa, a arewacin Kamaru, ana cire ta ne daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu, a lambunan Meskine da kewaye. A lokacin kasuwa ta cika ta batse, farashi ya faɗi warwas. Mai haƙuri yakan riƙe tasa har damina ta wuce, motocin Yawunde da Duwala su zo nema da daraja. Sai dai riƙon yana da sharaɗi, dole iska busasshiya ta riƙa ratsa ta, in ba haka ba ko ta ruɓe ko ta tsira. Ko Gudami, irin albasar da aka san ta da jure ajiya, ba ta yafe wannan.

Ma'ajiyata tana bayan gari, nesa da gida. Tana da tagogi huɗu a ƙasa, da wata kafa a sama wadda zafi ke fita ta cikinta, duk an sa musu raga saboda ɓeraye. Tagogin ƙasan ne aikin. A watan Afrilu zafin rana yana haura digiri 40, saboda haka da rana a rufe su, da dare a buɗe sanyi ya shiga. Zuwa safe da dare kullum ya gundure ni, man babur ma ya ishe ni.

Ɗan ƙanena, mai gyaran rediyo da kayan sola, shi ya fara kawo shawarar injin goge gilashin mota. Da muka duba sai muka ga yana da sauri, kuma sai an haɗa masa maɓallan tsayawa daga waje. Can sai ya ce, "Baffa, ina tsohon jak ɗin dish ɗinka?" Yana nufin sandar nan da ke juya manyan farantan tauraron ɗan'adam na da. Nan aka dace. Jak ɗin yana da maɓallan tsayawa a cikinsa, da ya kai ƙarshe yake yanke wa kansa wuta. Kuma da yake zaren sukurun ƙarfe ne ke tura shi, inda ya tsaya nan ya tsaya, iska ba ta iya mayar da shi. Wuta mai ƙarfin bolt 36 aka yi shi ya ci, amma a bolt 12 ma yana tafiya, a hankali dai kamar hawainiya, wanda shi ake so ga murfin taga.

Mai walda ya haɗa murafen huɗu da rodi ɗaya, jak ya tura su tare. A cikin wayoyin jak ɗin, biyu masu kauri kawai muka yi amfani da su, siraran na ƙidayar juyawa ne, ba ruwanmu da su.

Dabarar duk tana cikin rile mai ƙafa takwas, wato maɓallin da wuta ke dannawa da kanta, da kuma taima, na'urar da ke kunna wuta da kashe ta a lokacin da aka saita mata. Taima ta kunna, rilen ya kama, wuta ta bi ta fuska ɗaya, tagogi su buɗe. Taima ta kashe, rilen ya saki, wayoyin su yi musaya, injin ya juya baya, tagogi su rufe. Taimar ta bolt 12 ce, mai ƙaramin batir a ciki, ba ta manta lokaci. Wutar gari ban saka ta a lissafi ba saboda yawan ɗaukewa. Batir ɗaya da ƙaramin farantin sola da na'urar daidaita caji sun wadatar, tunda injin 'yan mintoci yake aiki a yini. Fis kuwa, mai yanke wuta idan ta yi yawa, a kusa da batir ake sa shi, wanda ya ce ba dole ba ne bai taɓa ganin waya ta narke a ɗakin da ke cike da buhuna ba.

Abin da na fi karuwa da shi shi ne taima agogo ta sani, yanayi kuwa sai mai kaya. A bazara na sa ta buɗe ƙarfe 9 na dare, ta rufe 8 na safe. Da damina ta kankama, musamman Agusta, sai lissafin ya juye, domin iskar dare ta zama mai laima. Na mayar da buɗewa daga wajen azahar zuwa bayan la'asar, lokacin da iskar ta fi bushewa. Hadari kuma ba ya duba agogo. Shi ya sa muka ƙara maɓallin hannu da maƙwabci zai danna ya rufe, muka yi wa tagogin gabas 'yar rumfar kwano saboda feshi.

Da hunturu iska a bushe take, matsalar ƙura ce. Tana haɗuwa da giris ta zama dagwalo, injin ya fara nishi. Na sa wa sandar riga da tsohon tiyub na babur, ina goge ta in sake shafa mata mai kaɗan. Yara kuma na hana su wasa wajen tagogin, domin jak ɗin da aka ƙera don juya farantin ƙarfe ba ya jin yatsa in ya tashi rufewa.