Inda Haƙurin Turai Yake Tsayawa Idan Aka Zo Kan Musulunci

Duk wanda ya ratsa Kantin Kwari zai ga abaya a rataye layi-layi, baƙa da ruwan toka da mai ado a bakin hannu, kuma babu mai kallonta a matsayin tutar siyasa, domin tufa ce da uwa take saya wa 'yarta idan Sallah ta matso. Amma a watan Agustan 2023 ministan ilimin Faransa na lokacin, Gabriel Attal, ya haramta sanya ta a makarantun gwamnati, kuma a ranar da aka koma karatu an mayar da ɗalibai 67 gida saboda sun ƙi canza kaya.

Adalci ne a faɗi cewa ba don Musulmi aka ƙirƙiro tsarin raba addini da mulki ba. Dokar Faransa ta 1905 ta samo asali ne daga doguwar takaddama tsakanin gwamnati da Cocin Katolika, kuma manufarta ita ce kada hukuma ta ɗauki wani addini ta fifita. Sai dai abin da aka ɗora wa hukuma tun farko, yau an juye shi a kan ɗaiɗaikun mutane. Dokar 2004 ta hana ɗalibai sanya alamomin addini masu jan ido, kuma a rubuce ta haɗa da hular Yahudawa da babban gicciye, amma Kirista yana iya sa ƙaramin gicciyensa a ƙarƙashin riga, shi kuwa hijabi ba ya ɓoyuwa. A 2010 aka haramta rufe fuska a bainar jama'a, da tarar da za ta iya kai Yuro 150.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta auna abu iri ɗaya da mudu biyu. A 2001 ta goyi bayan hana wata malamar firamare a Suwizalan koyarwa da ɗankwali, bisa hujjar cewa alama ce mai ƙarfi da za ta iya tasiri a zukatan ƙananan yara. Shekara goma bayan haka, a 2011, kotun ta amince gicciye ya ci gaba da zama a bangon azuzuwan makarantun gwamnatin Italiya, ta ce alama ce da ba ta tilasta wa kowa komai. Wato addinin masu rinjaye an sauya masa suna ya koma al'ada da gadon tarihi, na baƙo kuwa ya ci gaba da zama addini, abin sa wa ido. Haka ma a yankin Alsas da Mozel na Faransa, har gobe gwamnati ce take biyan albashin limaman Katolika da Furotesta da Yahudawa, ban da limaman Musulmi. A Suwizalan kuwa an haramta gina hasumiyar masallaci ta hanyar ƙuri'ar raba gardama a 2009, alhali hasumiya huɗu kacal ce a ƙasar baki ɗaya.

Masu kare waɗannan dokoki suna kafa hujja da tsaro da 'yancin mata, kuma hare-haren Faris na 2015 ba abin wasa ba ne. Sai dai ban ga yadda korar yarinya daga aji take ƙara mata 'yanci ba.

Mu ma a Najeriya mun taɓa wannan muhawara, domin sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar addinin hukuma, sashe na 38 kuma ya ba kowa damar bayyana addininsa a fili. Gwamnatin Legas ta hana hijabi a makarantunta, babbar kotun jihar ta mara mata baya a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin a 2016, sannan a watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata haƙƙinsu da rinjayen alƙalai biyar a cikin bakwai. A fahimtar alƙalanmu, hukuma ce aka ce kada ta yi addini, ba ɗalibar da ke zaune a kan benci ba.